Tarihin Jane Austen da Yadda Ta Buga Littafinta Na Farko

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku tarihin wata Baturiyar Ingila wadda ta rasu yau fiye da shekara 200, sunanta Jane Austen. Waɗanda suka saba shiga laburarenmu sun san littafinta mai suna Pride and Prejudice, wanda bangonsa ya yi laushi saboda yawan aro. Sa'ad da na karanta shi, na zaci ran da mai shi ta ajiye alƙalami ran nan masu buga littattafai suka shiga rububinsa. Sai da malaminmu na Turanci ya ba ni aron wani littafi mai tarihinta, na gane ashe ba haka abin yake ba. Mutumin farko da aka yi wa tayin wannan labari ko duba shi bai yi ba. Daga nan kuwa sai da ta yi shekara 14 kafin ta ga wani littafi nata a kanti, shi ma don ta yarda ne in an faɗi ita za ta biya.

Abin da ya sa tarihin nan ya kama ni shi ne, ni ma ina ɗan taɓa rubutu. Ina da wani littafin rubutu da nake ɓoyewa a ƙasan akwatina, ina ƙaga labari a ciki, ranar Asabar da dare in karanta wa 'yan ɗakinmu. Na kuma san ba ni kaɗai ba ce mai yin haka a makarantar nan. Saboda haka na ga ya kamata mu san abin da ya sami wadda ta riga mu bin wannan hanya.

An haifi Jane ran 16 ga Disamba, 1775, a wani ƙauye mai suna Steventon, cikin lardin Hampshire a kudancin Ingila. Mahaifinta, George Austen, shi ne limamin cocin ƙauyen. Su 8 ne wurin iyayensu, maza 6 mata 2, ita ce ta bakwai. Gidan ba na masu kuɗi ba ne, har uban yakan karɓi 'ya'yan mutane su zauna gidansa yana koya musu karatu don ya ƙara a kan abin da yake samu. Amma akwai abu guda da suke da shi a wadace, watau littattafai, gama ya tara wajen 500, bai kuwa hana 'ya'yansa mata karanta su ba.

Karatunta na makaranta bai yi nisa ba. A 1783 aka kai ta ita da yayarta Cassandra wurin wata mata a Oxford, matar ta koma da su Southampton, can wani mugun zazzaɓi ya kama su, Jane ta kusa mutuwa. A 1785 aka sake kai su makarantar kwana ta 'yan mata a garin Reading, amma kafin ƙarshen 1786 aka komo da su gida, don kuɗin makarantar ya fi ƙarfin uban. Ke nan tana da shekara 11 ta bar aji har abada. Mu da muke ƙorafin wake da tuwon makaranta, mun riga mun fi ta daɗewa a gaban allo.

Da ta komo gida sai ta shiga rubuta 'yan labarai na ban dariya, tana kwaikwayon littattafan soyayya na zamanin tana yi musu ba'a. Da dare iyali su taru, ta karanta musu, a yi ta dariya. Daga baya ta kwafe su cikin littattafan rubutu 3, waɗanda har yanzu suna nan a adane. A 1794 mahaifinta ya saya mata wani ɗan akwatin katako wanda in an buɗe shi yake zama teburin rubutu, da wurin ajiye tawada da takardu. Wannan akwati yau yana babban laburaren Ingila a Landan.

Wajen 1795 ta rubuta dogon labari a kan wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, Elinor da Marianne. A watan Oktoba na 1796 ta fara wani mai suna First Impressions, ta gama shi a watan Agusta na 1797, tana da shekara 21. Mutanen gida suka so shi ƙwarai. Sai mahaifinta ya ɗauki alƙalami a watan Nuwamba na shekarar, ya rubuta wa wani babban mai buga littattafai a Landan, Thomas Cadell, ya ce yana da labari a hannu, ko za a so a gani. Ya kuma tambayi nawa za a saya, nawa kuma za a kashe in mai labarin ne zai ɗauki nauyin bugawa. Ba a ko ce ya aiko a duba ba, nan da nan aka mayar da amsa cewa ba a so. Wannan labarin da aka ƙi gani, shi ne daga baya ya zama Pride and Prejudice.

A nan ya kamata in bayyana yadda ake buga littafi a Ingila a wancan zamani, don sai da haka za a fahimci sauran tarihin. Takarda da hannu ake yin ta, tana da tsada ƙwarai, haruffa kuma ɗaya bayan ɗaya ake jera su. Saboda haka littafin hikaya ba a cika buga fiye da 500 ko 750 ba a karon farko. Marubuci yana da hanyoyi kaɗan. Yana iya sayar da labarin ɗungum, a ba shi kuɗi sau ɗaya, daga nan riba ko hasara ba ruwansa. Yana iya bin mutane su yi alkawarin saye tun kafin a buga. Ko kuwa ya ce a buga da sunan shi ne mai kaya, mai maɗaba'a ya zama kamar dillali: ya fid da kuɗin takarda da ɗab'i da talla, in an sayar ya cire abin da ya kashe, ya ɗauki la'adarsa kashi 10 cikin 100, saura na marubuci. Amma in littafin ya yi kwantai, marubuci ne zai cika giɓin daga aljihunsa. Kuɗin da za ku ji ina ambata kuwa fam ne da sule, irin waɗanda kakanninmu suka sani kafin zuwan naira a 1973, sule 20 su ne fam 1.

Jane ta fara gwada hanyar farko. Ta rubuta labari na uku mai suna Susan, a 1803 aka sayar wa wani kamfani a Landan mai suna Crosby a kan fam 10. A lokacin abin da mahaifinta yake ba ta na tufafi da 'yan bukatu fam 20 ne a shekara, saboda haka fam 10 ba abin rainawa ba ne a wurinta. Kamfanin har ya yi tallar littafin, ya ce yana nan fitowa. Shekara ta wuce, biyu suka wuce, shiru. Sun jefa rubutun a ma'aji sun manta da shi.

Shekarun nan kuwa su ne mafiya wuya a rayuwarta. A 1801 mahaifinta ya bar aiki, suka tashi daga ƙauyen da aka haife ta suka koma birnin Bath, aka sayar da littattafan gidan. A watan Disamba na 1802 wani saurayi mai suna Harris Bigg-Wither, magajin babban gida da gonaki, ya nemi aurenta. Da dare ta amsa, da gari ya waye ta ce ta fasa. Da ta aure shi da ta huta da tunanin kuɗi har mutuwarta, ita da mahaifiyarta da yayarta. Ba ta kuwa taɓa yin aure ba. A watan Janairu na 1805 mahaifinta ya rasu, abin da yake samu daga coci ya tafi tare da shi. Matan uku suka koma dogara ga abin da 'yan'uwanta maza suke haɗawa, yau suna gidan haya, gobe suna gidan dangi, har suka zauna Southampton tare da yayanta Francis, wanda yake hafsan sojan ruwa. A cikin wannan yawo rubutu ya kusa tsayawa. Ta fara wani labari ta bar shi ba ta gama ba.

A watan Afrilu na 1809, bayan shekara 6 tana jira, ta rubuta wa Crosby wasiƙa da sunan aro, ta ce ko su buga littafin, ko ta nemi wani ya buga. Amsar da ta samu mai zafi ce. Suka ce ba su yi alkawarin ranar bugawa ba, in kuma wani ya buga za su tsai da cinikin, gama kayansu ne. In tana son abinta, ta kawo fam 10 ɗin da aka ba ta. Ba ta da su, dole ta haƙura. Da na zo nan a karatuna sai da na ajiye littafin na yi shiru, don na tuna bara wata babbar ɗaliba ta karɓi littafin labarina ta ce za ta karanta ta kai wa masu shirya wasan kwaikwayo. Zango biyu yana wurinta, ba ta karanta ba, ba ta kai ba, ba ta mayar mini ba, ni kuwa ba ni da bakin tambaya. Nawa zango biyu ne kawai, na kuwa san yadda na ji.

Sauƙi ya zo mata ta hannun yayanta Edward, wanda wasu dangi masu dukiya marasa haihuwa suka ɗauka riƙo ya gaje su. Ya ba mahaifiyarsa da ƙannensa wani ɗan gida a ƙauyen Chawton, suka tare a watan Yuli na 1809. A nan ne hankalinta ya kwanta. Aikinta na gida shi ne haɗa karin kumallo, sauran yawanci Cassandra da wata aminiyarsu suka ɗauke mata. Ba ta da ɗakin rubutu, a wani ɗan ƙaramin tebur take yi kusa da taga, a ɗakin da kowa yake shiga. Ɗan yayanta, wanda ya rubuta tarihinta daga baya, ya ce a kan ƙananan takardu take rubutu don su yi sauƙin ɓoyewa, akwai kuma wata ƙofa mai ƙara wadda ta hana a gyara, don ita ke gaya mata wani na tafe.

Sai ta ɗauko tsohon labarin nan na Elinor da Marianne, ta sake gyara shi, ta sa masa suna Sense and Sensibility. Labari ne na wata gwauruwa da 'ya'yanta mata waɗanda aka fitar daga gidansu bayan rasuwar maigida, don gado ya faɗa hannun ɗa namiji. Babbar tana da haƙuri da zurfin ciki, ƙaramar kuwa duk abin da zuciyarta ta raya mata shi take bi. Wanda ya san halin da Jane ta shiga bayan 1805 ya san ba da ka ta rubuta zancen mata marasa gida ba.

Wannan karon ba ta sayar ba. Yayanta Henry, wanda yake da banki a Landan, ya shirya da wani mai buga littattafai, Thomas Egerton, wanda yawancin abin da ya saba bugawa littattafan soja ne. Aka yi sharaɗi a kan hanyar la'ada, watau in an ci riba tata ce, in an faɗi ita za ta biya. Ku duba fa, mace ce mai shekara 35, ba miji, ba aiki, ba gado, tana zaune a gidan da aka ba su aro. Kuɗin buga littafin ya ninka abin da take samu a shekara sau da yawa. Henry ya faɗa daga baya cewa ta tabbata a ranta littafin ba zai mayar da kuɗinsa ba, har ta riƙa ware wani abu daga ɗan abin hannunta tana ajiyewa don ta biya hasarar in ta zo. Duk da haka ta ce a buga.

A watan Afrilu na 1811 ta tafi Landan ta sauka gidan Henry, ana kawo mata shafuka daga maɗaba'a tana gyara kurakurai. An sa rai zai fito kafin tsakiyar shekara, masu ɗab'i suka yi ta jan ƙafa, sai ƙarshen Oktoba ya fito. An raba shi juzu'i 3, ana sayarwa sule 15. Masana sun ƙiyasta guda 750 aka buga. A shafin farko an nuna cewa marubucin ne ya ɗauki nauyin bugawa, amma ba a sa sunanta ba, an dai ce wata mace ce ta rubuta. A zamanin ana ganin bai dace 'yar mutunci ta fito fili tana neman kuɗi da alƙalami ba, ita ma kuma ba ta son a san ta.

Mahaƙurci mawadaci. Mujallu biyu suka yabi littafin a 1812, manyan mutane suka shiga karanta shi suna tambayar ko wace ce wannan mace. Kafin watan Yuli na 1813 an sayar da shi kaf. Bayan an cire kuɗin ɗab'i da la'ada, fam 140 suka zo hannunta, littafin kuma yana nan a matsayin mallakarta, tana iya sake bugawa. Wadda ta rasa fam 10 na fansar rubutunta, ga ta da ninkinsu 14.

Amma kafin wannan kuɗi ya zo ta riga ta yi wani ciniki wanda ya zama mata darasi. A ƙarshen 1812 ta gyara First Impressions, ta sake masa suna Pride and Prejudice, ta sayar wa Egerton ɗungum. Fam 150 ta so, ya ba ta 110, ta karɓa don ta rage wa Henry wahalar zirga-zirga. Littafin ya fito a watan Janairu na 1813, ya fi na farko karɓuwa nesa ba kusa ba. Aka sake buga shi a shekarar, aka kuma bugawa a 1817, ko sisi ba a ƙara mata ba. Masu bincike sun ƙiyasta ribar da Egerton ya ci a bugu biyu na farko ta ninka abin da ya ba ta wajen sau 4. Daga nan ba ta sake sayar da littafinta ɗungum ba. Na uku, Mansfield Park, ta buga shi a 1814 ta hanyar la'ada, ya ƙare cikin wata 6, ya kawo mata fiye da fam 300.

Kada kuwa a zaci kullum kasada riba take kawowa. A 1815 ta koma wurin wani mashahurin mai buga littattafai, John Murray. Ya yi tayin fam 450 a kan littattafanta 3 gaba ɗaya, ita da Henry suka ga ya yi kaɗan, suka ƙi. Aka buga sabon littafinta, Emma, guda 2,000 a watan Disamba na 1815 bisa nauyinta, aka kuma sake buga Mansfield Park a farkon 1816. Emma ya yi ciniki, amma ɗayan ya yi kwantai. Da aka zo lissafi aka cire hasarar wannan daga ribar wancan, abin da ya zo hannunta bai kai fam 39 ba. A cikin watan Maris na 1816 kuma bankin Henry ya karye. A wannan shekara ce dai aka kai wa Crosby fam 10 ɗinsa aka karɓo Susan, bayan shekara 13. Danginta sun ce sai da Henry ya riƙe rubutun a hannu, sa'an nan ya gaya musu cewa mai Pride and Prejudice ce ta rubuta abin da suka yi wa riƙon sakainar kashi.

A cikin 1816 ciwo ya fara cin ta. Duk da haka ta gama wani littafi, Persuasion, ta kuma fara wani a watan Janairu na 1817, ta kai babi na 12, a watan Maris ƙarfinta ya ƙare ta ajiye. Aka kai ta birnin Winchester wurin likita, can ta rasu ran 18 ga Yuli, 1817, kanta yana bisa cinyar Cassandra, tana da shekara 41. Aka binne ta a babban cocin garin. Rubutun da aka yi a kan dutsen kabarinta ya yabi halinta, amma bai ambaci cewa ta rubuta littafi ba. A watan Disamba na shekarar aka buga Persuasion tare da Susan, wanda aka sake wa suna Northanger Abbey, a ciki ne Henry ya bayyana wa duniya sunan marubuciyar. Duk littattafai 4 da suka fito tana da rai, babu wanda ya ɗauki sunanta. Abin da ta samu kuwa daga rubutu duka bai kai fam 700 ba.

Tun daga 1833 ba a daina buga littattafanta ba. An fassara su cikin harsuna masu yawa, an yi fina-finai da su, gidan Chawton kuma an mai da shi gidan tarihi, ɗan teburin nan yana ciki. A 2017, shekara 200 da rasuwarta, Babban Bankin Ingila ya fitar da sabuwar takardar kuɗi mai hotonta. Takardar kuwa ta fam 10 ce, daidai abin da Crosby ya saye ta da shi.

To, 'yan'uwana masu ɓoye littafin rubutu a ƙasan akwati, ga abin da na tsinta. Sau biyu ta sallama rubutunta don kuɗin hannu, sau biyun ta yi da-na-sani. Da ta riƙe abinta ta ci riba a kan littattafai uku, ta faɗi sau ɗaya, faɗuwar kuwa ba ta same ta ba shiri, don tun ran farko ta san wanda ya ce kayansa ne, hasarar ma tasa ce. Ban da wannan, labarin da ta fara wajen 1795 sai 1811 ta sake shi, bayan ta yi ta gyara. Ni da nake jin haushi in malami ya ce in sake rubuta insha'i sau biyu, na ji kunya.

Ku kuma iyayenmu, ina roƙonku ku dubi George Austen. Ba shi da kuɗin da zai bar 'yarsa a makaranta, amma ya buɗe mata littattafansa, ya zauna ya saurari labaranta, ya saya mata abin rubutu, ya rubuta wasiƙa dominta ko da yake an ƙi. Ya rasu shekara 6 kafin littafinta na farko ya fito, bai ga ko shafi ɗaya a buge ba. In kun ga ɗanku ko 'yarku da irin wannan littafi lokacin hutu, kafin ku ce ɓata takarda ne, ku ce a karanta muku shafi ɗaya.

Ni dai na karɓo littafina daga wurin babbar ɗalibar nan ana sauran kwana 3 su gama makaranta, bangon ya ɓalle, manja ya ɓata shafi biyu. Na sayi sabo da kuɗin sabuluna, na fara kwafewa daga farko ina gyarawa. Yanzu ina babi na huɗu, kuma duk mai son ji sai ta zo ɗakinmu ranar Asabar, amma ba na ba da aro.